Jan tabo a goshi da fatar idon jaririya: shin ciwon Sturge-Weber ne, kuma me ya kamata a fara dubawa?

Gwaggon Jaririya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga masu ilimin lafiyar yara da kuma iyayen da suka taɓa fuskantar irin wannan al'amari. An haifa wa ƙanena 'ya mace watanni uku da suka wuce, kuma tun ranar da aka haife ta akwai wani shimfiɗaɗɗen tabo a ɓarin fuskarta na hagu, wanda ya taso daga tushen gashin goshi, ya rufe fatar ido ta sama, ya gangaro kusa da kunci. Tabon bai tasa sama da fata ba, ba ya yi mata ciwo idan an taɓa, launinsa ja ne mai duhu, kuma yakan ƙara duhu idan tana kuka. An ce mana tawadar Allah ce wadda za ta dushe da kanta, amma har yanzu tana nan yadda take.

Da aka kai ta allurar rigakafi, wata ma'aikaciyar lafiya ta duba fuskar da kyau, ta ce irin wannan tabo a irin wannan wuri yana iya zama alamar wani ciwo da ake kira Sturge-Weber, wanda ke taɓa fata da ido da ƙwaƙwalwa, kuma ta ba da shawarar a kai ta babban asibiti. Tun daga ranar hankalin mahaifiyarta bai kwanta ba. Yarinyar dai tana shan nono sosai, tana murmushi, tana bin mutum da ido, kuma ba ta taɓa jijjiga ba. Abu ɗaya da na lura da shi shi ne idon hagun ya fi na dama zubar da hawaye, kuma takan runtse shi idan aka fito da ita cikin haske.

Abin da nake son sani shi ne, shin duk yaron da ke da irin wannan tabo yana da matsala a ƙwaƙwalwa? Idan za a fara bincike, wane likita ya kamata a fara gani, na fata ko na ido ko na ƙwaƙwalwa? Mahaifiyarta ta fi damuwa da yadda za a cire tabon, kuma tana ta zargin kanta cewa wani abu da ta ci ko ta sha lokacin da take da juna biyu ne ya jawo hakan. Na gode.

Likitan Yara ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya ta, ya kuma kwantar wa iyayenta da hankali. Ba a tabbatar da ciwo daga nesa, saboda haka abin da zan rubuta bayani ne da zai taimaka muku ku san abin da za ku tambaya idan kun je gaban wanda zai duba ta da idonsa.

Irin tabon da kika siffanta yana samuwa ne idan ƙananan jijiyoyin jini da ke cikin fata suka yi yawa kuma suka buɗe fiye da kima, har jinin da ke cikinsu yake bayyana ta saman fatar. Kimanin jarirai 3 cikin kowane 1,000 ake haifa da shi a wani sashe na jiki, alhali ciwon Sturge-Weber ana samunsa ne a kusan haihuwa 1 cikin 20,000 zuwa 50,000. Idan kika auna waɗannan alƙaluma biyu za ki ga cewa mafi yawan masu tabon ba su da komai a ƙwaƙwalwa. Tsohon shugaban Tarayyar Sobiyet, Mikhail Gorbachev, da irin wannan tabo a kansa ya rayu har ya haura shekara 90. Amsar tambayarki ta farko ke nan: a'a, ba kowane mai tabo ba ne.

Sai dai wurin da tabon yake yana da muhimmanci ƙwarai, kuma ma'aikaciyar da ta tura ku ta yi daidai. A shekarar 2014 likitocin asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan sun nuna cewa tabon da ya taɓa goshi, har da fatar ido ta sama, shi ne ya fi nuna yiwuwar a sami irin waɗannan jijiyoyi a kan ƙwaƙwalwa. Dalilin shi ne fatar goshi da gaban ƙwaƙwalwa da ido daga yanki ɗaya suke tasowa tun ɗan tayi yana makonninsa na farko, saboda haka tangarɗar da ta sami jijiyoyin ɗaya tana iya samun na sauran. Tabon da ya tsaya a haɓa ko a ƙasan kunci kaɗai ba kasafai yake tafiya da matsalar ƙwaƙwalwa ba. Na 'yarku, yadda kika faɗa, yana cikin yankin da ake sa wa ido.

Akwai wasu tabbai biyu da ake yawan rikita su da wannan, kuma ina jin daga nan maganar cewa zai dushe ta samo asali. Na farko shi ne jan tabo marar duhu da ke fitowa a tsakiyar goshi ko a kan fatar idanu ko a ƙeya, wanda jarirai da yawa suke da shi, kuma na fuska yakan ɓace cikin shekara ɗaya ko biyu. Na biyu shi ne wanda ba ya nan sosai ranar haihuwa, sai bayan 'yan makonni ya taso ya yi tudu ja, ya girma na wasu watanni, sannan ya riƙa janyewa a hankali. Wanda kika siffanta ya bambanta da su biyun, domin da shi aka haife ta, a ɓari ɗaya yake, a shimfiɗe yake, kuma irinsa ba ya ɓacewa, yana girma ne daidai da girman fuska. A fata mai duhu gane iyakar tabon yana da wuya, don haka a duba ta cikin hasken rana, a kuma buɗe gashin kai a ga inda ya tsaya.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar masu ciwon shi ne, siririn tantanin da ke lulluɓe da ita yana cika da ƙananan jijiyoyi marasa tsari, galibi a ɓarin da tabon yake, kuma jijiyoyin da ya kamata su kwashe jini daga saman ƙwaƙwalwar ba su cika ba. Jini yana shiga amma ba ya fita da sauri, sai wurin ya riƙa ƙarancin iskar oksijin, a hankali ya motse, sinadarin kalsiyum ya taru a cikinsa. Daga nan ake samun farfaɗiya, da raunin ɓarin jiki na ɗaya gefen, da jinkirin girma ko na koyo a wasu yaran. William Allen Sturge, likita ɗan Ingila, ya bayyana wata yarinya mai tabon fuska da babban ido da jijjiga a 1879, ya kuma yi hasashen cewa irin abin da ke fatarta yana nan a kan ƙwaƙwalwarta, tun ba a da na'urar da za ta nuna hakan. A 1922 wani likitan Ingila, Frederick Parkes Weber, ya nuna taruwar kalsiyum ɗin a hoton ƙashin kai. Ciwon ba kullum yake zuwa da abubuwa ukun a haɗe ba: akwai mai tabo da matsalar ƙwaƙwalwa, akwai mai tabo da matsalar ido kaɗai, akwai ma wanda ƙwaƙwalwa ce kawai ta taɓu fuskarsa kuwa tas.

Hoton da ya fi nuna ciwon shi ne hoton ƙwaƙwalwa na na'urar MRI da ake yi bayan an sa wa yaro wani ruwa ta jijiya don jijiyoyin su fito fili. Amma akwai abin da ya kamata ku riƙe: a watannin farko hoton yana iya fitowa lafiya ƙalau alhali ciwon yana nan, domin canjin bai isa a gan shi ba tukuna. Shi ya sa likitoci da yawa suke maimaita shi bayan yaro ya cika shekara ɗaya, wasu ma suna jinkirta shi gaba ɗaya idan yaron ba shi da wata alama, tunda yin sa ga jariri yakan buƙaci maganin barci. Hoto mai kyau a wata na uku abin farin ciki ne, amma ba dalili ba ne na daina zuwa asibiti.

A tambayarki ta biyu, ni a ganina ido ne farko, kuma ba da jinkiri ba, saboda hawayen da gudun hasken da kika ambata. Ƙwaƙwalwa ta biyo baya, fata ta zo ƙarshe. Zan bar wa masu aikin ido su faɗaɗa.

Ma'aikaciyar Asibitin Ido ta amsa:

Na yarda da Likita ɗari bisa ɗari, kuma zan ƙara da cewa jimlar ƙarshe ta sakin layinki na biyu, 'yar'uwa, ita ce ta fi komai tayar mini da hankali a cikin duk abin da kika rubuta. Ido ɗaya da ke yawan hawaye yana kuma gudun haske, a ɓarin da tabo ya rufe fatar ido, ana ɗaukarsa a matsayin hawan jinin ido, wato gilakoma, har sai gwaji ya nuna ba shi ba ne. Yana iya kasancewa toshewar hanyar hawaye ce kawai, wadda jarirai da yawa suke yi kuma ba ta da haɗari, amma ita wannan ba ta cika sa yaro gudun haske ba. Kada a jira a ga ko zai daina. A kai ta cikin wannan makon, kuma a faɗa wa wanda ke karɓar marasa lafiya cewa jaririya ce mai tabon jini a fatar ido da hawaye da gudun haske, domin kada a ba ku rana mai nisa.

Cikin ido akwai wani ruwa da ake samarwa kullum, yana kuma fita ta wata ƙaramar magudana da ke gefen baƙin ido. A wannan ciwo magudanar tana iya zama ba ta ƙeru daidai ba tun daga ciki, ko kuma jijiyoyin da ke karɓar ruwan a bayan farin ido su kasance cike da jini mai ƙarfi har ruwan ya kasa wucewa. Ko ta wace hanya, matsi yana taruwa a cikin ido, yana lalata jijiyar gani, kuma abin da ya lalace a wannan jijiya ba ya dawowa. Rahotanni sun bambanta a kan yawan masu Sturge-Weber da ke samun gilakoma, daga kashi 30 zuwa kashi 70 cikin 100, kuma fiye da rabinsu tun suna jarirai take bayyana, sauran kuwa sai sun tasa ko sun balaga. Ma'anar haka ita ce ko an duba yau an ce idon lafiya, duba ido zai zama abin yi a kai a kai har tsawon rayuwa.

Idon jariri yana da taushi, don haka matsin yana sa shi ya buɗe ya girma. Ku tsaya gabanta ku kwatanta idanun biyu: shin baƙin idon hagu ya fi na dama faɗi? Shin ya yi hazo, ya rasa ƙyallin da ɗayan yake da shi? Abin takaici, mutane sukan yaba wa jariri mai manyan idanu, ba su san wani lokaci ciwo ne yake buɗa idon ba.

A asibiti za a auna matsin idon, a auna faɗin baƙin ido, a leƙa jijiyar gani, a kuma duba bayan ido, domin wasu yaran suna da irin wannan tarin jijiyoyi a can ciki, wanda kan iya tara ruwa a ƙarƙashin tantanin gani daga baya. Sau da yawa sai an sa wa jariri maganin barci kafin a iya yin wannan gwaji yadda ya kamata, kuma bai kamata hakan ya sa iyaye su ja da baya ba. Idan gilakoma ce, ana iya farawa da maganin ɗigawa irin su timolol ko dorzolamide, amma a jarirai galibi sai an kai ga tiyata, ko dai a buɗe magudanar ko a sa wani ɗan bututu da zai riƙa fitar da ruwan, kuma wani lokaci fiye da sau ɗaya. Ina roƙon kada kowa ya ɗiga mata maganin gilakoma na wani babba. Akwai ɗaya daga cikinsu, brimonidine, wanda ba a ba yaran da ba su kai shekara 2 ba, domin yana iya sa su barci mai nauyi har numfashi ya tsaya.

Bayan an shawo kan matsin akwai sauran aiki, domin idon da ya sha wahala yakan zama raggo, ƙwaƙwalwa ta saba dogaro da mai lafiyar. Tabarau da rufe ido mai lafiya na wasu sa'o'i a rana, bisa umarnin likita, su ne suke ceto ganin a shekarun farko.

Baban Mai Haƙuri ya amsa:

Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, uba ne ga yaron da aka tabbatar yana da wannan ciwo, kuma yanzu yana makarantar firamare. Abin da zan ƙara shi ne game da jijjiga, domin yadda take zuwa wa jariri ba kamar yadda mutane suka san farfaɗiya ba ne. Tana iya zama ɗan karkarwar hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya, ko gefen baki ya riƙa motsi, ko idanu su karkata gefe ɗaya su tsaya, ko yaron ya yi shiru yana kallon wuri guda ba ya amsawa. Galibi a ɓarin jikin da ba shi da tabon ake ganin motsin, wato idan tabon yana hagu a lura da hannu da ƙafar dama. Duk abin da kuka gani wanda bai yi muku daidai ba, ku ɗauke shi a bidiyo da waya, domin likita ya fi amfana da bidiyon daƙiƙa talatin fiye da dogon bayani. Wani abin lura kuma shi ne jariri ya riƙa amfani da hannu ɗaya kawai yana barin ɗayan a dunƙule, domin yaro bai kamata ya zaɓi hannu tun bai shekara ba.

Idan jijjiga ta zo, a kwantar da yaro a kan gefensa, a kawar da abin da zai buge shi, kada a sa masa komai a baki, kada a ɗura masa ruwa ko magani, a kuma duba agogo. Idan ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, asibiti za a nufa nan take. Ku tambayi likita tun yanzu ko zai rubuta muku maganin gaggawa da ake ajiyewa a gida, ya kuma nuna muku yadda ake ba da shi. Zazzaɓi da rashin ruwa a jiki da rashin barci su ne suka fi tayar wa ɗana da ciwon, saboda haka ba ma wasa da gudawa ko amai. Akwai lokutan da ɓarin jikinsa yakan yi rauni na wasu kwanaki kamar mai shanyewar ɓarin jiki, sannan ya dawo, kuma masu gashin ƙashi sun taimaka masa ƙwarai.

An ɗora ɗana a kan asfirin kaɗan kullum tare da maganin farfaɗiya, kuma mun ga sauƙi. Da ni ne ku, da na nemi a fara ba ta asfirin tun yanzu kafin komai ya faru.

Gwaggon Jaririya ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa iyayenta amsoshinku, kuma sun amince a fara da asibitin ido ba tare da ɓata lokaci ba. Likita, saura maganar zargin kai da mahaifiyarta take yi, kuma yanzu ta ƙara da tambayar ko 'ya'yan da za ta haifa nan gaba za su iya zuwa da shi. Ina kuma son jin ra'ayinka a kan asfirin da Baban Mai Haƙuri ya ambata, da maganar cire tabon. Sannan a binciken da na yi na ga wani ciwo mai suna Delleman wanda shi ma aka ce yana taɓa ido da fata da ƙwaƙwalwa. Shin abu ɗaya ne da wannan?

Likitan Yara ya sake amsawa:

Ki gaya wa mahaifiyarta, da bakin likita, cewa babu wani abinci ko magani ko aiki ko faɗuwa da aka sani yana haddasa wannan ciwo. A shekarar 2013 masu bincike a Cibiyar Kennedy Krieger da ke Baltimore a Amurka, tare da abokan aikinsu, sun gano cewa sauyi ne a wata ƙwayar halitta mai suna GNAQ. Abin da ya fi muhimmanci a binciken shi ne sauyin ba daga uwa ko uba yake zuwa ba. Yana faruwa ne haka kawai a cikin tantanin halitta guda ɗaya bayan an riga an ɗauki ciki, sai duk waɗanda suka tsiro daga wannan ɗayan su ɗauke shi, sauran jiki kuwa ba shi da shi. Idan sauyin ya faru da wuri sosai, yakan shafi fata da ido da ƙwaƙwalwa. Idan ya faru daga baya, sai ya tsaya a fata kaɗai. Wannan ne ya sa ba a gadonsa, kuma haɗarin ga ƙannen da za a haifa daidai yake da na kowane gida. Gwajin jini na yau da kullum ma ba ya nuna shi, tunda ba a cikin jini yake ba, saboda haka kada a wahalar da iyayen da neman irin wannan gwaji.

Malam Baban Mai Haƙuri, bayaninka a kan jijjiga ya fi abin da ni zan iya rubutawa, kuma ina fata iyayen za su haddace shi, domin kusan kashi uku cikin huɗu na yaran da ciwon ya taɓa musu ƙwaƙwalwa suna yin farfaɗiya, kuma mafi yawansu kafin su cika shekara biyu take farawa. Amma a kan asfirin zan saɓa maka. Gaskiya ne ƙwararru da yawa suna ba da shi kaɗan, gwargwadon nauyin yaro, da nufin hana jini daskarewa a waɗannan jijiyoyi masu tafiyar hawainiya, kuma wasu suna fara shi tun kafin jijjiga ta farko idan hoto ya nuna ƙwaƙwalwa ta taɓu sosai. Sai dai hujjar da ake da ita ta fito ne daga bin diddigin marasa lafiya, ba daga babban gwajin da aka kwatanta masu sha da marasa sha ba, kuma likitoci ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Asfirin yana sa zubar jini da taruwar jini a ƙarƙashin fata, kuma a yara yana da alaƙa da ciwon Reye, mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa, musamman lokacin mura mai tsanani ko ƙarambau. Ɗanka an tabbatar da ciwonsa kuma likita ne ya auna masa. Wannan jaririya ba a ma san ko ƙwaƙwalwarta ta taɓu ba, ga shi kuma mai yiwuwa tiyatar ido tana gabanta, inda zubar jini abin gudu ne. Kada a ba ta sai likitan ƙwaƙwalwa na yara ya rubuta.

Idan farfaɗiyar ta zo, magungunan da aka fi farawa da su su ne levetiracetam da oxcarbazepine, kuma ana ƙoƙarin tsayar da ita da wuri, domin jijjiga mai tsawo tana ƙara wa wurin da jininsa bai wadata ba rauni. Yaran da magani ya kasa, kuma ciwon yana ɓari ɗaya, ana iya yi musu tiyatar cire wurin ko raba ɓarin da ya lalace da mai lafiyar. Jin haka yana ba da tsoro, amma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro tana da ikon mayar da ayyuka da yawa zuwa ɗaya ɓarin, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa sun rabu da jijjiga.

Tabon kuwa ana rage shi ne da hasken leza na musamman wanda ke ƙona ƙananan jijiyoyin ya bar fatar. Ana yin sa sau da yawa a jere, yakan sa tabon ya yi haske, amma ba kasafai yake share shi gaba ɗaya ba, kuma yana iya sake duhu bayan shekaru. Akwai fa'ida a fara shi da ƙuruciya, tunda fatar jariri siririya ce, kuma tabon da aka bari yakan yi kauri ya fitar da ƙuraje idan mutum ya manyanta, wani lokaci har leɓe ko dasashi su kumbura. A fata mai duhu aikin ya fi wuya, domin launin fatar yana shanye wani ɓangare na hasken, sai a sami ƙuna ko wurin ya yi fari ko baƙi, don haka sai a hannun wanda ya saba da irin wannan fata. Lezar ba ta canza komai a ido ko a ƙwaƙwalwa. Kada kuma a shafa wa tabon man bilicin ko wani abu mai ƙona fata, domin jijiyoyin suna ƙasa da inda man yake kaiwa, tabo na biyu kawai za a ƙara mata. Maganin propranolol da ake ba jarirai masu jan tudun nan da na ambata a baya shi ma ba ya aiki a kan wannan.

Ciwon Delleman daban ne, ko da yake sassan jiki ukun da yake taɓawa su ne dai waɗannan. Likitoci biyu 'yan ƙasar Holan, Delleman da Oorthuys, suka fara bayyana shi a 1981, kuma ya fi Sturge-Weber ƙaranci nesa ba kusa ba, domin waɗanda aka rubuta labarinsu a duniya 'yan gomomi ne kawai, yawancinsu maza. Shi ba ciwon jijiyoyin jini ba ne. Ana haifar yaron da ƙullutu mai ruwa a ramin ido, idon ya kasance ƙarami sosai ko babu shi, da 'yan tsirorin fata a kewayen ido, da wuraren da fata ta yi siriri ko ba ta rufe ba, sannan ginin ƙwaƙwalwar kansa yana da naƙasu, kamar rashin gadar da ke haɗa ɓarinta biyu. Ana ganin waɗannan tun ranar haihuwa, kuma babu ɗaya daga cikinsu a abin da kika siffanta.

Idan za ku je asibitin ido, ku tafi da hotunan fuskarta tun daga makon haihuwa, domin su za su nuna ko idon hagun yana ƙara girma. Ku tambayi adadin matsin kowane ido da faɗin baƙin kowanne, ku rubuta a littafi ɗaya tare da ranar gwajin, ku kuma nemi takardar turawa zuwa likitan ƙwaƙwalwa na yara tun a wannan zuwan, ko da sakamakon idon ya fito lafiya.